Malam zai tsallake teku da ƙwallo

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya maigida da yara, ya zafin Kano? Mu nan Magarya lafiya lau.

Ranar Talata ina kwance da ɗan littafina, sai ga maigidana Malam daga lakwal, makarantar da yake koyarwa, takarda a hannu, ko sallama ya manta. An zaɓe shi cikin 'yan ƙwallon kwando da za su wasannin ƙasashe a Madagaskar. Yaya, tsibiri ne a tsakiyar teku, irin wanda nake karantawa!

Inna, mahaifiyarsa, ta ce, "Ƙato da kai, matarka da cikin wata takwas, ka tsallake ruwa don jefa ƙwallo a kwando marar gindi?" Ya sunkuyar da kai, ya ce in na ce ya zauna, zai zauna.

To ai haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, ko yana nan ba ganina zai yi ba. Ranar suna ce kawai ke cina.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Gwaggo da su Binta. Na ce masa ya tafi. Ni kuma jibi amalanke zai kai ni gidanmu Yekuwa.

Ƙanwarki,
Zuwaira