Shatin Hannu a Bangon Ɗakin Yaya

Assalamu alaikum Kawu. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ba na iya faɗa wa kowa baki da baki. Mai gyaran waya ne ni, shekaruna sun ɗan haura talatin, aurena bai cika shekara biyu ba. Matsalata ita ce duk lokacin da na kusanci iyalina, daidai sa'ad da maniyyi zai fita, sai marata ta murɗa ta gefen hagu kamar an caka mini sukurdireba an juya. Yakan ɗan jima kafin ya sake ni, wani lokaci ya sauka har cinya, fitsarin da ya biyo baya kuma da zafi yake fita. Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ka ba.

Gidanmu na gado ne, ɗakuna a jere, bangon kuwa in mutum ya yi tari a wannan ɗaki na wancan zai yi masa sannu. Ɗakin da nake ciki yanzu na yayana ne, Allah ya ji ƙansa. Lokacin da nake gwauro ni ne a ɗakin da ke liƙe da nasa. Wani lokaci in yana ciki da matarsa nakan ji ya ja iska ta tsakanin haƙora, sssss, kamar wanda ya tauna barkono, sai kuma in ji tafin hannu ya daki bango, tim, sau ɗaya. Daga nan sai shiru. Ni kuwa da kunya sai in ƙara sautin rediyo. Na ɗauka harka ce ta masu aure, ina ruwan gwauro.

Yaya mutum ne mai dariya, bai taɓa cewa wani abu na damunsa ba. Sai dai a shago, domin shi ya koya mini aiki, nakan gan shi ya ajiye abin narka dalma ya dafe mara da hannun hagu, in na tambaya ya ce zama ne. Daga baya ya fara ramewa, yana yawan zagayawa. Ranar da aka kai shi asibiti aka ce an makara. Mu a gida ciwon ciki kawai aka ce mana, babu wanda ya ƙara tambaya.

Da zan yi aure, matarsa ta ce ita da yaranta za su koma tsohon ɗakina, ni in ɗauki babban. Na sa aka yi fenti shafi biyu. Amma akwai wani duhu a bango, daidai kan gado ta hagu, da ya dawo bayan 'yan watanni. Amaryata ta goge da omo, ya ƙi. Muka rataya kalanda a kai muka manta.

Ranar da ciwon ya fara kama ni da ƙarfi da hantsi ne, ban buɗe shago ba, yara suna makaranta, gida tsit, ina tare da iyalina a ɗaki. Da ya murɗe ni sai na ji wannan sautin, sssss, a cikin ɗakin. Wallahi Kawu sai da na waiga ina neman mai shi, kafin na gane daga bakina ya fito. Hannuna kuma ya riga ya kai bango, tim, kalandar ta faɗi. Da na ɗaga tafina sai na ga duhun nan shatin hannu ne, yatsu biyar, kuma nawa ya zauna a cikinsa daidai, babu ragi babu ƙari. 

Da na buɗe ƙofa zan fita wanka, sai na tarar da gorar roba cike da ruwan zafi a bakin ƙofa, an naɗe ta da wani tsohon tawul mai ruwan ƙasa. Na san tawul ɗin, na Yaya ne. Matar Yaya tana tsakar gida tana shanya, ta juya mini baya. Na ɗora gorar a mara, ciwon kuwa ya lafa. Tun daga ranar, duk sanda abin ya faru sai in tarar da gorar. Ban taɓa jin takunta ba. In mun haɗu ta gaishe ni kamar kullum, amma kallon da take yi mini irin wanda ake yi wa mai shirin doguwar tafiya ne.

Yanzu na daina kusantar matata. In ta yi kwalliya sai in ce akwai wayar da mai ita ke jira, in koma shago in zauna a kan kujerar Yaya ina kallon fitila. Ita tana ganin na gaji da ita ne. Ta tambaye ni ko wari take yi, ta faɗa tana dariya amma idonta ya kawo ruwa. Gorar ma ta fara tsorata ta, ta ce me ya sa Anti, wato matar Yaya, ke ajiye mana ruwa kamar ana jinya a ɗakin. Jiya na ga ta sauko da akwatinta daga kan kwaba, wai ƙura za ta kaɗe. Abokina mai shagon caji ya ce ɗakin ne ba lafiya, in tashi. Kawu, tsoro nake ji. Shin abin da ya ɗauki Yaya ne ya jira ni a ɗakin? In tashi daga gidan, ko in saki yarinyar mutane tun kafin in bar ta da takaba?

Naka,
Mai gyaran waya

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta wasiƙarka, ni ma sai da na ɗaga kai na dubi bangon ofishina. Ban raina tsoronka ba, duk wanda ya ji muryar mamaci ta fito daga bakinsa dole ya girgiza. Amma mu bi abin a hankali.

Shatin hannun maiƙo ne. Tambayi kowane mai fenti, zai gaya maka maiƙon jiki da ya daɗe a bango yana huda sabon fenti ya fito. Gadon yana inda na yayanka yake, ku kuma uwa ɗaya uba ɗaya, ba abin mamaki ba ne tafinku da muryarku su zo ɗaya. Ɗakin bai ajiye maka komai ba, in ka tashi ma da mararka za ka tafi.

Ciwon kuwa sananne ne. Na tuntuɓi wani likitan mafitsara, ya ce maza da yawa suna zuwa da shi, waɗanda suka fi su yawa kuma suna zaune a gida suna cije haƙora. Abin da ya fi kawo shi shi ne kumburi ko ƙwayar cuta a wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda ake kira furostet. Yana iya zama ciwon sanyi, ko toshewa a hanyar maniyyi, ko ƙaba, ko ɗaurewar naman ƙasan mara, wanda dogon zama irin na sana'arku ke ƙara wa ƙarfi. Wasu magunguna ma suna jawo shi. Mafi yawan waɗannan suna jin magani. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai cututtukan da ke bin jini a dangi, shi ya sa ba na so ka ƙara mako. Je asibiti. Za a auna fitsari da jini, wataƙila a ɗauki hoton mara, wataƙila likita ya duba da yatsa ta dubura. Ka daure, ɗan lokaci ne. Kada ka sayi kafso a kemis kan shawarar abokinka, shi caji ya iya. In ka ga jini a maniyyi ko fitsari, ko zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ƙi fita, ko maraina suka kumbura, ranar za ka tafi.

Kafin ka tafi, ka zauna da matar yayanka. In kunya ta hana, ka sa wata babba a gidan ta zauna tsakani. Ita kaɗai ta san yaushe ciwonsa ya fara da abin da likitoci suka ce, likitanka kuma zai so ya ji. Kada ka ji tsoron gorarta. Baiwar Allah ce da ta taɓa jin wannan sautin daga cikin ɗaki, yanzu tana jinsa ta bayan bango, ruwan zafi kuma shi ne iyakar abin da mijinta ya yarda ta yi masa.

Maganar saki kuwa ka cire ta daga bakinka. Matarka tana da gaskiya da ta ji ciwo, kai ma kana da dalilin tsoro, amma ita ba ta san dalilin ba. Gaya mata yau, da kalmomin da ka rubuto mini, ku tafi asibitin tare, domin in ƙwayar cuta ce ita ma sai an duba ta.

Ba mu san ciwon da ya kashe yayanka ba tukuna. Abin da muka sani shi ne mutum biyu sun ji shi yana dukan bango, ɗaya ya ƙara rediyo, ɗaya ta dafa ruwa, shi kuma ya ce zama ne. Babu mai laifi a cikinku, kunya ce ta rufe bakin kowa. Wannan karon gidan ya ji ka da wuri. Ka mayar wa Anti tawul ɗin da hannunka, ka yi mata godiya, ka ce mata gobe za ka asibiti. Allah ya ba ka lafiya, ya ji ƙan yayanka, ya bar ka da iyalinka.

Kawu