Kada Ki Faɗi Saboda Ni

Zuwa ga Amatullah, sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata.

Gaisuwa daga wanda aka hana zuwa zance. Tun da kika ce kada in ƙara taka ƙofar gidanku sai kin rubuta jarrabawar shiga makarantar ungozoma, unguwar Barkin Sale ta zame mini baƙon wuri. Ina tuƙa Keke Napep ina mafarki ido biyu. Jiya har na wuce da wata tsohuwa inda za ta sauka, ta wanke ni tas, ni kuwa sai murmushi, don ke nake gani a madubi, zaune a baya, littafi a cinya, kina motsa leɓe.

Kin tuna yammacin da muka je bakin madatsar ruwan Tagwai da ƙawarki Hannah? Ruwa ya kwanta luf, masunta na janyo taru, kika ce za ki gwada karatunki a kaina. Kika sa na ɗora yatsu a wuyan hannuna in ƙirga bugun jini, ke kina duba agogo. Ta yaya zan ƙirga kina gabana? Sau nawa lissafi ya kuɓuce mini! Kika yi dariya, kika ce mai irin wannan bugun sai a ba shi gado a asibiti. Har yau ban warke ba, ban kuma nemi magani ba.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Hannah ta tare ni a hanya ta faɗa mini abin da kike saƙawa. Na san sharaɗin Babanku: in kin ci, aure ya jira ki gama makaranta, in kin faɗi, a sa mana rana bayan Sallah. Wai shi ne kike tunanin barin rabin tambayoyin ba amsa, don kada in gaji da jira.

Haba, hasken raina! Ni zan zama ladan faɗuwarki? Ba ke ce kika ɗau alkawari ba tun ranar da yayarki Sa'adiya ta sha wuyar haihuwa a garin Beji, babu ungozoma kusa? Wallahi ina son ranar aurenmu kamar in janyo ta da hannu. Ina ganin ki da lalle, ina jin guɗa, har labulen ɗakinmu na zaɓa a raina. Amma ina tsoron wata safiya wata ta gifta da fararen kayan asibiti, ki bi ta da ido, sannan ki juyo ki dube ni. Wannan kallon ba zan iya ɗauka ba.

Shi ya sa na roƙi kawuna Buba ya je wurin Babanku, kuma ya je shekaranjiya. Ya shaida masa in kin faɗi ba za mu karɓi rana ba, sai dai ki sake zama baɗi, mu kuma mu jira. Kin ga ke nan faɗuwa ba za ta kawo ki gidana ba, nisa za ta ƙara mana. Hanya ɗaya ta rage zuwa gare ni, kuma ta cikin ɗakin jarrabawar nan ta bi.

Ki yi fushi da ni in kin so, amma ki amsa kowace tambaya. Ran Asabar, ranar jarrabawar, zan wanke Keke in tsaya a bakin layinku. Ba zan ɗauki kowa ba sai ke, ba kuma zan ce miki uffan ba har mu isa.

Naki bana, naki baɗi, naki har ranar da za a sa da bayanta,
Kamalu