Furen da Ba Shi da Takarda

Tasawa, Janairu 1962

Zuwa ga ɗan ƙanena Laminu,

Bayan gaisuwa, shekaruna sittin ke nan, kuma ban ɗauki alƙalami don a ji tausayina ba. Aiki zan ba ka.

Matar likitan asibitinmu, ranar da za su koma Faransa, ta bar mani wani tsiro cikin kasko, ba ta faɗi sunansa ba. Na aje shi tsakanin randuna bisa jiƙaƙƙen yashi, ya tsallake bazara. Yanzu ya fid da fure guda: leɓensa kamar takalmin jariri, kore da ɗigon ja. Ina so in kai shi nunin amfanin gona na Maraɗi, amma an ce sai da suna. Ga zanensa. Ka nuna wa Baturen biro ɗinku, wato ofishin da kake aiki.

Gwaggonka, Asma'u

Mayahi, Fabrairu 1962

Gwaggo,

Ina gaisuwa da ladabi. A gafarce ni, awon gujiya ya riƙe mu. Baturen namu, da muke ce wa Mushe, ya duba, ya ce furen orkide ne, danginsa su ne “sabot de Vénus”, wato takalmin Vénus. Sai dai wannan ruwa biyu ne, masu lambu suka haɗa. Ya yi dariya ya ce in takardar asalinsa ta ɓace, ba mai sanin uban, kuma irinsa ba ya shiga nuni, ko a Faransa. Ki haƙura, Gwaggo, ɗan da ba uba ai sai tsakar gida!

Ɗanki, Laminu

Mayahi, washegari

Gwaggo,

Baba ya ji abin da na rubuta, ya kusa marina. Wallahi na san ba ubanku ɗaya ba, amma ban san sojan da ya haife ki ya tafi bai bar suna ba. Ki yafe mani.

Laminu

Tasawa, Maris 1962

Laminu,

Gaisuwa. Ba ka faɗi abin da ban ji ba a makarantar lakkwal ta Damagaram, kuma a can na fi kowa maki.

Ranar Litinin na hau kamyon, motar ɗaukar gujiya, zuwa Maraɗi, kasko bisa cinyata. Magatakardan nuni ya tambayi sunan fure, na ce Asma'u. Ya tambayi na uba, na ce ya bar gurbin fari kamar yadda aka bar nawa a takardata, an kuwa ba ni aikin ungozoma da ita. Ya rubuta. Furen yana tebur na gaba, kusa da albasa.

Ka gaida Mushe.

Asma'u