Taɓe Bakina Ya Faɗa Kan Jaririn Aminiyata

'Yata mai shawara, ki cece ni, don in na ƙara kwana da wannan takaici hawan jinina zai koma inda likita ya hana.

Ni tsohuwa ce, karatuna bai yi nisa ba, amma waya ba ta fi ƙarfina ba. Jikata mai karatun jinya, uwar iya yi, ita ta koya mini yin sitika, ƙananan hotunan nan da ake turawa a hira: ki ɗauki fuskar mutum, ki yanke ta, ki ɗora mata magana. Na ƙware har na fi malamar. Babban ɗana yana barci baki buɗe, na mayar da shi sitika. Surukata tana gudun ƙadangare, ita ma tana ciki. Da jikar tawa ta tashi rama wa ubanta, babban ɗan nawa, sai ta kama ni a hoto ina kallon wani wando da ƙaninta ya sayo duk a yage, na taɓe baki har ƙasa, ta rubuta "Wannan ne abin?" Na yi dariya na adana.

Da yake rubutu na gajiyar da ni, akwai sitikar hannuwa biyu na addu'a da kullum take farkon layi, ita nake dannawa ko ba tabarau. Ashe abin da aka tura a ƙarshe shi ke dawowa gaba, kuma ja'irar ta yi wasa da wayata da safe. Wa ya gaya mini?

Aminiyata mai ɗinki, wadda muka yi goyon 'ya'yanmu tare, 'yarta ta daɗe ba haihuwa. Allah ya kawo, aminiyar tawa ta sa hoton jaririn a guruf ɗin matan layinmu. Ina wanke-wanke, na share hannu a zani na danna. Sai da surukata ta shigo tana salati na san fuskata na aika, da taɓe baki da maganar duka. Na goge, amma ido ya riga ya gani.

Na buga wa aminiyata waya, ba ta ɗauka ba. Na je gidanta aka ce tana barci, alhali ina jin keken ɗinkinta yana gudu. Abin da ya fi ƙona mini rai, ta sa an yi mata tata sitikar, ta juya ƙeya, duk gaisuwar da na tura ƙeya nake samu. Matar da na kwana da ita a asibiti ce za ta yarda zan raina jininta? Yanzu 'ya'yana sun ce in ba ta haƙuri. A kan me? Ni aka yi wa rashin adalci, ita ya kamata ta kunyata. Amma kuma ban ga yaron ba har yau, kuma ba ni da wata aminiyar.

Kakar da Aka Juya wa Ƙeya

Kaka, ranki ya daɗe, na yarda ba da gangan kika yi ba, kuma da zafi a ce wadda ta san zuciyarki ta yi miki wannan zato. Sai dai ki tsaya a inda take. Shekarun da 'yarta ta yi tana jira, ita ta haɗiyi habaicin mutane. Ranar da ta ɗaga kai, fuskar da ta fi amincewa da ita ta taɓe mata baki a gaban kowa. Ga shi layin duka ya san hannunki a tsokana, wa zai ce kuskure ne in ba ki faɗa ba? Gogewa shiru ba bayani ba ne.

A gaban mata abin ya faru, a gabansu za ki gyara. Ki tura saƙon murya a guruf ɗin, da bakinki, ba hoto ba wasa. Ki faɗi yadda aka yi, ki yi wa yaron addu'a. Kada ki jingina laifin ga jikarki, yatsanki ne ya danna. Ba da haƙuri ba amsa mugunta ba ne, amsa cewa ta ji ciwo ne.

Daga nan ki je gidan ki bar wayar a jaka. In an ce tana barci, ki nemi kujera ki ce za ki jira. Wadda ta gama da ke ba za ta ɓata lokaci tana amsa miki kullum ba, ko da ƙeya ce. Ki kuma cire wannan fuskar daga wayarki, ki riƙa sa tabarau kafin ki danna komai.

Allah ya raya yaron, ya huci zuciyar kakarsa, ya sa da hannunta za ta miƙo miki shi.