Tsinkayenka Sun Shiga Jami'a, Maigida

Assalamu alaikum, Maigida. Gaisuwa ta girmamawa daga gidanka na Sabon Gari, nan Maraɗi, zuwa makwancinka a Tibiri, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Ni ce na rubuta da hannuna a kayen Auta, littafinta na rubutu, ita kuma za ta buga a waya don masu karantawa su gani. Ka san karatuna a aji shida ya tsaya, in ka ga gyara ka yi haƙuri.

Damina uku ke nan da rasuwarka, ban taɓa samun labarin da ya isa in kawo maka ba sai yanzu. Ranar Asabar da ta wuce Auta ta kare littafinta na ƙarshen karatu a jami'a, abin da suke kira sutinans. A kan gudun harsashi da tsawon bututun bindiga ta yi shi. Maganarka ce, Maigida, wadda ta raba ka da maƙerarka.

Kana tune da ranar da Mijinyawa, babban maharban Jiratawa, ya kawo maka bindigarsa a Tibiri. Birai sun dame su a gonakin rani, ya ce ka ƙara wa bututun tsawo ya kai ɗani bakwai, don dalma ta riski biri tun daga nesa. Ka buɗe yatsunka ka auna, ka ce biyar gare ta kuma biyar ta ishe ta. Ina jin ka daga madafa kana cewa, "Albarushi yana da iyakar numfashinsa. In ya ƙare, sauran bututun riƙe dalma kawai yake yi." Shi da maharban da suka rako shi suka bushe da dariya. A wurinsu tun kakanni doguwar bindiga ita ce mai gudu.

A ranar Mijinyawa ya laƙaba maka Guntun Bututu. Kafin kaka sunan ya zagaye kasuwar Tibiri. Aka ce ƙyuya ce, aka ce ba ka iya haɗa ƙarfe ba ne kake fakewa da surutu. Maharba suka daina zuwa, muka kwaso kaya muka dawo Maraɗi, ka koma ƙirar hauya da murhun gawayi. Auta ta sha dawowa daga lakwal, makarantar boko, da kuka, an kira ta ɗiyar Guntun Bututu.

Ni ma ban tsaya maka ba. Na ce maka ka ƙara musu tsawon mana, ina ruwanka, bindigarsu ce. Ka dube ni, ka ci gaba da hura zuga. Wannan kallon bai bar ni ba har yau.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne aikinka na ranar Juma'a da hantsi. Ka ɗebo laka daga Gulbi, ka cuɗa ta, ka yi curi kamar tubali. Ka ja da baya taki goma ka harba, da awon albarushi ɗaya kullum, ba ƙari ba ragi. Sai ka zura tsinken gamba cikin ramin da dalma ta yi, ka datse shi daidai bakin ramin. Tsinkayen kowane bututu daminsu dabam, ka ɗaure da zare, ka yi ƙulli adadin ɗanin bututun, ka soke a rufin ɗaki. Ni ina ganin wasa ne na babban mutum. Da za mu taso, su ka fara sawa a buhu kafin tufafinka.

Bara Auta tana share ɗakinka ta ci karo da buhun. Ta kwance damunan a tsakar gida, ta jera su bisa ƙullinsu. Na uku gajeru ne. Na biyar sun fi kowa tsawo. Na shida kusan daidai da su. Na bakwai sun ragu, na takwas sun ƙara raguwa. Ta tsuguna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mini, "Inna, Baba lissafi yake yi, alƙalami ne kawai ba shi da shi." Washegari ta hau kabu-kabu da buhun a cinyarta, ta kai wa mushensu, wato malaminsu na fizik a jami'a.

Wata takwas suna aiki. Ba su taɓa albarushi ba, da bindigar iska suka gwada a ɗakin gwaji, da bututu iri-iri. Sun rataye guntun katako da zare, in dalma ta buge shi ya yi lilo, nisan lilon shi ke gaya musu gudunta. Haka ta bayyana mini, har ta nuna mini da ludayi da igiyar guga. Ita ma iska tana da iyakar numfashinta, in ji ta. Layin da ya fito musu a takarda ya hau, ya miƙe, ya gangaro, kamar yadda tsinkayenka suka kwanta a tsakar gida.

Ranar Asabar na sa atamfar nan shuɗiya da kake so. Ɗakin ya cika da ɗalibai, malamai uku suna gaba a tebur. Da na waiga sai ga Mijinyawa a kujerar baya da sandarsa, ya tsufa ƙwarai. Ashe Auta ta je har Jiratawa ta gayyato shi, ba ta gaya mini ba. Na ce a raina in abin nan bai yi kyau ba, yau sunan nan zai bi ka har kabari.

Da Faransanci ta yi bayani, kaɗan nake tsinta. Amma da ta ɗauko tsinkayenka ta jera su a tebur ƙarƙashin hoton layinta, ban nemi mai fassara ba. Kowa ya ga sun hau tare, sun sauka tare.

Sai babban malamin ya nuna wani giɓi tsakanin na uku da na biyar, ya tambaya ina damin ɗani huɗu. Auta ba ta sani ba. Maigida, ni na sani. Cikin takabarka, wata safiya da ruwa ya jiƙa itace, na zaro dami ɗaya daga buhun na hura wutar koko. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ɗaga hannu kamar 'yar aji ɗaya, na miƙe na faɗa da Hausa. Ɗakin ya kwashe da dariya, ni kuwa hawaye nake. Malamin ya ce ba komai Hajiya, awon ɗiyarki ya cike gurbin. Ka yafe mini wannan damin, ka yafe mini maganar da na yi maka a bakin zuga.

Malaman suka fita shawara, suka dawo, kowa ya miƙe tsaye. Suka ce ta ci, da yabo mafi girma. Kafin a tafa, babban malamin ya buɗe shafin farko na littafin ya ce aikin nan mutum biyu suka yi shi, ɗaya yana nan, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya.

Ana cikin hayaniya Mijinyawa ya taso yana dogara sanda har gaban tebur. Ya ɗauki tsinken biyar da na bakwai ya haɗa gindinsu, ya kai su kusa da idonsa, ya shafa bambancin da babban yatsa. Ya juyo wurina ya ce, "Ni na sa masa sunan nan, a gaban mutane. To a gaban mutane na janye shi. Maƙerin nan ya fi mu gani." Ya ce ranar kasuwar Tibiri zai maimaita a rumfar maharba. Jiya Laraba aka aiko mini cewa ya cika alkawari.

Shekara talatin da ɗaya muna tare, kunya ba ta bar ni na kira sunanka ba ko sau ɗaya. Ranar Asabar na ji shi ta lasifika, cikakke, da na mahaifinka, babu abin da aka liƙa masa a baya. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a tsakiyar jami'a, gaban malamai. Auta ta rufe fuska, amma ban tsaya ba sai da numfashina ya ƙare.

Sun roƙi a bar musu tsinkayen su sa a gilashi. Na ba su duka ban da guda ɗaya daga damin biyar. Yana soke a rufin ɗakinmu, inda nake ganinsa in na kwanta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da mutane, da wanda ka yi da ni, ya zama nauyi a mizaninka. Allah Ya yi wa Auta albarka, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Taka har gobe,
Innar Auta, matar maƙerin Tibiri.