Goyon Suruki a Matakalar Alesund

Daga Kyaftin Halvard, shugaban jirgin ruwa mai hawa goma sha biyu, wanda ma'aikata dubu ke miƙewa tsaye idan ya yi tari, zuwa ga Hajiya Tabawa ta Ringim.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk wanda ke cin tuwo a gidanki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya sassauta miki ciwon baya, ya kare miki sauran haƙoran nan huɗu daga sharrin goro. Ki sani, Hajiya, ba kowa nake rubuta wa wasiƙa ba, manyan mutane na nan suna jiran amsata tun bara. Don haka ki gyara zama, a rage muryar rediyo, Sa'adatu ta karanta miki a hankali ba tare da ta tsallake yabon kowa ba.

Jikanki Tasi'u yana nan lafiya a birnin Bergen na ƙasar Turawa, ya yi kumatu, yana ta dakon buhunan busasshen kifi a shagon da yake aiki, wuya ya yi kauri kamar na ɗan dambe. Matarsa Marte ma tana lafiya, sai dai jikinta ya yi nauyi, kin gane abin da nake nufi, ana sa rai bayan Babbar Sallah in Allah ya yarda. Makon jiya suka shigo jirgina hutun kwana bakwai, su biyu da iyayenta, Oddvar da Gunvor, domin tsofaffin sun cika shekara arba'in da aure. A cikin fasinja dubu uku idona bai tsaya kan kowa ba sai kan jikanki, saboda kyau da natsuwa da cikar kamala. Wannan shaidar kyaftin ce, kada ki yi musu.

To amma da matsala a tafiyar, kuma ke kika jawo ta da irin tarbiyyarki. Shekara uku da auren nan Tasi'u bai taɓa kallon surukinsa ido cikin ido ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa ko a mafarki bai kama ba. In tsohon ya shigo falo, sai ya sunkuyar da kai ya zame kicin. Shi a ganinsa ya gama biyan suruki haƙƙinsa. Mutanen nan kuwa, wanda ya ƙi kallonka ya ƙi cin abincinka, maƙiyinka ne ko kuma yana ɓoye wani abu. Marte ta sha yi wa mahaifinta bayani, ya ce shi ba a bakin mace zai ji abin da ke zuciyar namiji ba. Kafin tafiyar nan ya faɗa mata a fili cewa in an sauka daga jirgi yaron nan bai canja ba, ba zai ƙara taka gidansu ba, ko an haihu sai dai a kai masa jaririn ya gani a ƙofa. Ta yi kuka ta gaya wa Tasi'u, ya ce zai gyara, amma kwana huɗu a teku, da an kawo abinci sai ya ce zai je ya duba ko ruwa ya ƙaru.

Rana ta biyar na tsayar da jirgi a Alesund, garin da aka haifi Oddvar, na kuma sanar cewa ƙarfe biyar zan tashi, ko uwata ce ta makara sai dai ta biyo ni da iyo. Suka sauka suna zaga gari cikin yayyafi. Tsohon yana gaba kamar ya gaji garin, yana nuna musu lungun da ya fasa wa wani hanci yana yaro, da bakin ruwan da ya fara ɗaure kwalekwalensa na kamun kifi. Suka sayi jatan lande a hannun masunta suna ɓarewa a tsaye. Da azahar ta wuce sai ya ɗaga kai ya dubi dutsen da ke kan gari, ya ce sai ya hau matakalar nan ɗari huɗu da goma sha takwas, don a can sama ya nemi auren Gunvor. Ita kuwa ta ce masa, tsohon kifi, gwiwarka ta fi ka hankali, ranar ma da kake da ƙuruciya sai da na jira ka a sama kana haki. Ya ce ƙarya take, tsayawa ya yi tsinko mata fure. Ta ce furen da har yau bai iso ba. Ta ja 'yarta suka shiga gidan shan gahawa, Marte ta zunguri mijinta ta ce bi shi, kada ka dawo sai da shi da kuma zuciyarsa.

Suka hau, tsoho a gaba, jikanki taku bakwai a baya kamar yadda kika koya masa. Da suka kai sama gari ya bazu a ƙarƙashinsu, tsibirai ko'ina, ga jirgina fari tas ya rufe rabin tasha. Oddvar ya buɗe filas ya zuba gahawa, ya ɓare lemu ya raba biyu, domin su ba sa hawa dutse su sauko ba su yi haka ba. Ya miƙa wa Tasi'u rabi. Sai na karɓa da hannu biyu, wato shi Tasi'u ya karɓa, ya juya baya zai ci. Nan tsohon ya fashe. Ya ce kai yaro, me na kashe maka, shekara uku kana bi ta gefena kamar turken fitila, in ba ka so na ka faɗa mini a nan inda ba mata. Tasi'u ya durƙusa a jiƙaƙƙen dutse, kai a ƙasa, ya ce a garinsu wanda ya ba ka 'yarsa ya fi ƙarfin ka kalle shi, ya fi ƙarfin bakinka ya kama sunansa, kuma da kakarsa za ta ji ya tauna abu a gaban suruki da ta aiko masa da mari a ambulan. Tsohon ya ce ashe ku in kuka girmama mutum sai ku mai da shi fatalwa. Ya ce ya ji, amma shi ba a Ringim yake ba, kuma bai haifi ɗa namiji ba, ya zaci ya samu, sai aka kawo masa maigadi.

Yana faɗin haka ya miƙe a fusace ya kama gangara. Matakala goma ya yi, gwiwar ta ce ba da ita ba, ya zube zaune. Ƙarfe huɗu da kwata. Tasi'u ya ce a kira motar asibiti, tsohon ya ce wanda ya kira ta ya gama da shi har abada, don za su kwantar da shi jirgi ya tafi, Gunvor ta yanka kek ɗin shekara arba'in ita kaɗai ta kuma samu abin gori har kabari. Hajiya, ki dubi wannan hali. Mutumin da ko inuwarsa jikanki ba ya takawa, ga shi babu hanya sai a taɓa shi. Tasi'u ya yi bismillah, ya juya baya ya tsuguna, ya ce hau. Ya tuɓe rigar ruwansa ya yi majanyi da ita ya ɗaure tsohon tam, yadda kike goya shi in za ki kai niƙa.

Tsohon nan ya fi buhun kifi biyu nauyi, kuma buhu ba ya magana. Tun daga sama yake ba da umarni, dama, hagu, a hankali jakin Bergen, kada ka zubar da kaya masu daraja. Tasi'u ya ce in kayan suka ƙara surutu zai ajiye su a nan ya rubuta a jiki a ɗauka kyauta. Maganar wasa ta farko ke nan tsakaninsu, tsohon ya yi dariya har suka kusa gangarawa tare. Masu hawa suna matsawa gefe suna ɗaukar hoto, shi kuwa yana ce musu ku kalla da kyau, mijin 'yata ne, ku naku ko jakar kasuwa ba sa ɗaukar muku. Suna sauka daga dutsen sai na busa ƙahon jirgi na farko. Jikanki ya ratsa tsakiyar gari da gudu, goyo na rawa a baya, ya shigo tasha saura minti uku, fasinja cike da barandu suna tafi da fito, Gunvor tana ihu cewa a auna tsohon a ba yaron ladan dako.

A bakin tsanin jirgi Tasi'u ya tsuguna zai sauke shi, tsohon ya maƙale wuyansa ya ce ba zai sauka ba sai an kira shi da sunansa, in ya so jirgin ya tafi. Ma'aikata na kallon agogo, Marte ta dafe baki. Jikanki ya rufe ido, ya nemi gafararki a zuci, ya ce Baba Oddvar, don Allah sauka, bayana zai karye. Tsohon ya tambaya mene ne baba, Marte ta faɗa masa. Sai ya sauka a hankali, ya kama kafaɗun yaron ya dube shi, shi ma ya ɗago ya dube shi. Ashe idonsa shuɗi ne, shekara uku ban sani ba. Da yamma faranti ɗaya suka ci, kuma tsohon ya riga ya fara maganar irin gadon jariri da zai sassaƙa da hannunsa.

Ki gaida Kawu Ɗanjuma da iyalinsa, da Gwaggo Hansatu, da Malam Zubairu na makarantar allo, ki ce masa bulalarsa ba ta tafi a banza ba. Sa'adatu mai karatu, sannu da ƙoƙari, na san tun a layi na uku kike danne dariya.

To Tsohuwa, tashi daga durƙuson da kika yi wa kyaftin. Babu wani Halvard, ni na ƙirƙire shi, na ainihin ko hularsa ban gani ba. Na ari rigarsa ne don na san in da sunana na fara, ba za ki bari a kai inda na goya surukina na kuma kama sunansa a gaban jama'a ba tare da kin aiko da zagi ba. Yanzu kin riga kin ji, kuma na san kin ji daɗi. Ki yafe mini, sannan ki baza labarin a unguwa.

Ni ne dai, naki mai cinye miki ƙanzo,
Tasi'u.