Sunan Mai Wuta a Allon Koperatif

Garin Na Allah, bayan girbi

Zuwa ga aminina Oumarou mai fenti, Tasawa.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Kubra da yara. Yaya ciwon gwiwar nan taka? Mu nan sai godiyar Allah.

Oumarou, kai shaida ne. Ranar da na bar kolejin Mayahi a katriyam, aji na uku, ba ni da komi sai rigar jikina, kuma ba wanda ya ba ni jari. Da dakon hatsi a kasuwar garin Sarkin Hausa na sayi injin niƙa, da injin na sayi grup mai ba da wuta, da grup na kunna ampul, fitilar lantarki ta farko da aka taɓa gani a garin nan. Ni na kafa poto, turakun itace na ɗaukar waya, tun daga bakin kasuwa har gidan likita, na ja waya da hannuna, kuran, wato wutar lantarki, ya yar da ni ƙasa na tashi na ci gaba. Salular garin nan duka a shagona take shan sharji. Shi ya sa ake ce mani Jatau Mai Wuta, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba.

To, wani proje na taimakon karkara ya kawo pano na hasken rana, fili guda, da batura cike da ɗaki. Suka ce wutar ta gari ce, sai an kafa koperatif, kowane gida da kontarsa mai auna wuta, ya sha daidai ƙarfinsa. Na ce madalla, wa ya san wuta in ba ni ba? Aka taru ƙofar mai gari zaɓen perzidan, shugaban koperatif, irin namu, ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru bayansa. Na tsaya, Manzo ya tsaya. Manzo fa, ɗan Abdulƙarim mai shayi, wanda ko ampul ta mutu a gidansu sai an aiko kirana.

Da na waiwaya, bayana 'yan tsofaffi ne da tabarma ɗaya za ta ishe su. Layinsa kuwa har ya zagaya bayan masallaci, mata sun cika shi, wai ya yi alkawarin niƙa mai rahusa da firijo a gidan likita. A tsakiyarsu, Oumarou, ga Mardiya matata, ta sunkuyar da kai tana gyara lulluɓi.

Ban shiga koperatif ba, kuma ba ni shiga. Ka gaida mutan gida.

Naka,
Jatau Mai Wuta

Garin Na Allah, cikin bazara

Aminina Oumarou,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Yaya zafi? Na ji daɗin maganin idon da ka aiko, Allah ya bar zumunci.

Sun kunna wutarsu. Ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, ba ta rawa kamar tawa. Gidana kaɗai ke da rurin grup yanzu, ga man gazuwal ya yi tsada, ina zuba shi kamar jinina nake zubawa. Shagon sharji ya zama wurin barcin kaji. Mardiya kuwa na lura salularta kullum cike take, kuma ba a wurina take cika ta ba.

Manzo yanzu da babbar riga yake zuwa Mayahi taro, mutanen proje na ce masa mushe le perzidan. Wayarsu ta ƙare a bakin kasuwa, ba ta kai gidan likita ba. Sai ya zo da dattawa, ya durƙusa yana ce mani Baba Jatau, wai in bar su su hau poto nawa. Na ba su ruwa, na ba su goro, na ce a'a. Wanda gari ya jeru bayansa ai ba ya rasa itace.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na ji kai aka ba aikin allon da za a kafa gaban pano. Hannun da ya rubuta JATAU MAI WUTA a ƙofar shagona, shi zai rubuta Manzo? Ban hana ka neman abincinka ba, amma na ji zafi.

Naka har kullum,
Jatau

Garin Na Allah, farkon damina

Oumarou aminina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ruwa a wajenku? Mu mun yi shuka. Ka yi mani barka, ɗiyata Nasiba ta sauka, namiji, an sa masa sunana na yanka, Mamudu.

Ranar suna ce ta ƙarasa ni. Ashiru sanƙira, wanda ya tsufa yana yi mani kirari, ya ɗaga murya a ƙofar gidana, ya ce Manzo Mai Wuta ya kawo goro. Da ya zo kaina sai ya ce Jatau mai injin niƙa, kakan yaro. Ba wanda ya gyara masa. Ba ma wanda ya lura, abin da ya fi ci mani rai ke nan.

Bayan haka lokacin allurar rigakafin yaro ya yi. Majo, babban malamin jinya, ya ce babu ita a gidan likitarmu, ba firijon da zai aje ta. Mardiya ta ɗauki Nasiba da jinjiri a amalanke har Sarkin Hausa cikin rana. Da suka dawo ta miƙo mani shi, jikinsa kamar an ciro daga murhu, bai ma iya kuka. Ta dubi poto nawa da ke ƙofar gida, ta dube ni, ta shige ɗaki.

Yaro ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Poto kuwa na ba su. Amma ban bar Manzo ya taɓa ba, ni na hau na haɗa wayar, yana ƙasa yana riƙe mani tsani. Firijo na aiki. Grup ɗina na rufe shi da buhu.

Kada ka ce na huce, ban huce ba. Ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba. Ka rubuta sunan proje, ka rubuta na Manzo tunda shi suka zaɓa. Amma a sama, da jan fenti irin wanda ruwa ba ya wankewa, ka sa: Mamudu Jatau Mai Wuta, wanda ya fara kunna ampul a garin nan. Baƙaƙen kada su gaza na Manzo ko da faɗin farce. Ashiru zai mutu, ni ma haka, yaron nan kuwa zai shiga lakwal ya iya karatu. In kwamiti ya hana, ka ce su zo su sauke wayarsu daga itacena.

Ka gaida Kubra. Ina jiran allo.

Ni ne,
Mamudu Jatau, Mai Wuta